"Da Sauƙi" Ba Awo Ba Ne: Yadda Ake Gane Warkewar Wanda Ya Bugu a Ka

Duk wanda ya saba zuwa dubiya ya san amsar tun kafin ya yi tambayar. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Ko majinyaci na kwance bai san wanda ke kansa ba, amsar ke nan, domin addu'a ce da ladabi, ba rahoton lafiya ba. A zaure babu laifi a cikinta. Damuwar ita ce ranar da ta bi mutum har gaban likita, aka rubuta ta a kati, ta zama shaidar cewa ya warke. A yawancin cututtuka ɓarnar kaɗan ce, don jiki magayi. A buguwar kai kuwa, abin da ya taɓu shi ne wanda ya kamata ya ba da labarin taɓuwar, shi ya sa mai ciwon da kansa yakan rantse garau yake.

A karkarar arewacin Kano, inda gona ke jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, tun daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa a hanyar Katsina, da Dambatta da Makoɗa ta wajen hanyar Daura, babur ne ya gaji jaki. Shi ke kai taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko mutum uku da buhun gero ranar kasuwa. Hana acaɓa da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta yi a Janairun 2013 birni da kewayensa ya fi shafa. A ƙauye goyo bai tsaya ba. Hular kwano ma, tun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ta a farkon 2009, har aka riƙa tare masu kifa ƙwarya a ka a Kano, ba ta samu karɓuwa a karkara ba, duk da binciken da ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Ban da babur akwai faɗowa daga kuka ko mangwaro, da ruftawar katangar ƙasa da damina, da harbin jaki, da gora a rikicin iyakar gona.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rotse daban, raunin ƙwaƙwalwa daban. Fatar kai cike take da jijiyoyin jini, don haka 'yar tsagewa kan jiƙa riga sharkaf, hankalin kowa ya tashi, a ɗinke, a warke cikin mako biyu. Ƙwaƙwalwa kuwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya bugu sai ta girgiza ta daki ƙashi daga ciki, ta kumbura ko jini ya tsiyaya, alhali a waje ko ƙwarzane babu.

Suma ita ce gushewar hayyaci. Doguwar suma kuma ita ce halin da mutum ba ya buɗe ido, ba ya magana, ba ya bin umarni. Farfaɗowa fita ce daga wannan hali, amma tana da hawa-hawa. A 1972 likitoci biyu, Bryan Jennett da Fred Plum, suka bayyana wani yanayi da majinyaci ke buɗe ido, ya yi barci ya farka, amma babu alamar ya san kansa ko na kusa da shi. 'Yan uwa kan ga ido a buɗe su yi hamdala, likita kuma ya rasa ta inda zai fara yi musu bayani.

Sallama hukuncin asibiti ce, ma'anarta mutum ba ya buƙatar gado yanzu. Wani lokaci ma ba likita ne ya yanke ta ba, aljihu ne: kuɗi sun ƙare, babban wa ya sa hannu an ɗauke shi. Warkewa ita ce komawar mutum yadda yake kafin haɗarin, a aikinsa da tunaninsa da halinsa. Tsakanin sallama da warkewa akwai tafiya mai nisa, kuma a cikinta ne yawancin majinyatan ƙauye ke ɓacewa daga idon asibiti.

Ko farfaɗowar farko ba ta nufin an tsira. Mutum kan faɗi, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya tuƙa babur ɗinsa zuwa gida har ya ci tuwo, bayan wasu sa'o'i kai ya sara, amai ya biyo, barci ya danne shi. Jijiya ce ta fashe a ƙarƙashin ƙashi, jini na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, kuma tiyatar gaggawa kan ceci irin wannan. A tsofaffi tsiyayar a hankali take, sai bayan makonni a ga dattijo ya fara ruɗewa yana jan ƙafa, a ce tsufa ne, an ma manta da faɗuwar.

Awon ranar farko

Kafin 1974 kowane likita da bakinsa. Wannan ya rubuta "yana magagi", wancan ya rubuta "ya yi nisa", wanda ya karɓi aiki da safe ba ya iya gane ko gaba aka ci ko baya. A shekarar ne Graham Teasdale da Bryan Jennett, masu tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Gilasgo na Sikotland, suka fitar da ma'aunin suma a mujallar Lancet. A yadda ake amfani da shi yau, abu uku yake dubawa: buɗe ido maki 4, magana maki 5, motsi maki 6. Mai cikakken hayyaci yana da 15, wanda ba ya komai yana da 3.

A bakin gado abin ba wuya. Ma'aikaciyar jinya ta sunkuyo: "Baba, buɗe idonka. Baba, ina ne nan? Matse min hannu. To, saki." In shiru, sai ta danna gindin biro a kan farcensa, ta ga ko zai janye hannun. Sannan ta haska tocila a kowane ido don ganin ko ɗigon baƙin tsakiya zai tsuke. In na gefe ɗaya ya buɗe ya ƙi motsi, alama ce wani abu na matse ƙwaƙwalwa. Daga 13 zuwa 15 ana kiran raunin ƙarami, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani.

Amfanin lambar yana cikin maimaita ta. Wanda ya sauko daga 14 zuwa 11 cikin sa'a biyu ya fi tayar da hankali a kan wanda ya tsaya a 10 tun zuwansa. Saboda haka in an turo majinyaci daga babban asibitin Bichi ko na Dambatta zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake kira siti-sikan, layi mafi tsada a takardar turowa shi ne makin da aka samu da ƙarfen da aka auna. Lokacin haɗarin ma abin riƙewa ne. Gwajin CRASH-3 na 2019, da ya haɗa majinyata 12,737 a ƙasashe 29 har da Nijeriya, ya nuna allurar hana zubar jini ta tiranesamik tana rage mutuwa ga masu ƙarami da matsakaicin rauni, in an yi ta cikin sa'a uku.

Sai dai wannan ma'auni zurfin suma yake aunawa, ba makomar mutum ba, kuma kalmar "ƙarami" ta yaudari mutane da yawa. Wani babban bincike na Amurka mai suna TRACK-TBI ya ruwaito a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na masu ƙaramin rauni da aka kai manyan asibitoci ba su koma daidai ba bayan shekara guda.

Akwai kuma tarkon harshe da al'ada. A tambayi manomi wane wata ake ciki ya ce Azumin Tsofaffi, ya faɗi daidai, amma mai jiran jin sunan watan Bature zai rage masa maki. A tambayi matar ƙauye sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta sunkuyar da kai, kunya ce, ba ruɗewa ba. Bafulatanin da Hausarsa ba ta nuna ba, in ya bugu yakan koma Fulatanci zalla, a rubuta yana sambatu.

Akwai awo na biyu da mai jinya zai iya yi ba tare da na'ura ba, wato ƙirga kwanakin ruɗewa: daga ranar haɗari zuwa ranar da mutum ya fara riƙe abin da ya faru jiya. Likitan Birtaniya Ritchie Russell ne ya jawo hankali gare shi tun 1932. Ƙasa da yini guda rauni ne mai sauƙi, kwana ɗaya zuwa bakwai matsakaici, fiye da mako mai tsanani. "Yaya, wa ya zo dubiya jiya? Me ka karya da shi?" Ranar da amsa ta fara zuwa daidai a jere, a riƙe ta, domin tana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda gaba za ta kasance.

Awon wata shida

A 1975 Jennett da Michael Bond suka fitar da ma'auni na biyu, wanda ya shafi sakamako. Ya kasa mutane gida biyar: wanda ya rasu, wanda ke raye ba hayyaci, mai naƙasar da ta sa dole wani ya kula da shi kullum, mai naƙasar da ke iya riƙe kansa, da wanda ya koma rayuwarsa. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa gida takwas, a 1998 kuma aka tsara masa tambayoyi ƙayyadaddu. Za a iya barinsa shi kaɗai a gida na sa'a takwas? Zai iya sayayya da kansa? Zai iya tafiya cikin gari ba rakiya? Ya koma aikinsa kamar da? Zamansa da iyali da abokai ya canja?

An fi yin wannan awo a wata shida, domin mafi yawan ci gaba a watannin farko yake zuwa, ko da yake ba a nan yake tsayawa ba. Alƙaluman TRACK-TBI na 2021 sun nuna cewa cikin masu rauni mai tsanani, kusan 12 cikin 100 ne kawai ke iya zama su kaɗai a gida a mako na biyu, amma bayan shekara sun haura rabi. A Amurka ke nan, inda ake da gashin ƙashi da kulawa, amma ya isa ya hana a yanke ƙauna a makon farko.

Inda awon ke tuntuɓe a ƙauye

A 2009 aka buga nazarin majinyata 8,927 daga ƙasashe 46, aka samu abu biyu. Na farko bai ba kowa mamaki ba: mai rauni mai tsanani a ƙasa mai ƙarami ko matsakaicin ƙarfi, haɗarin mutuwarsa ya ninka na ƙasashe masu arziki. Na biyun ne abin tsayawa. Masu ƙarami da matsakaicin rauni a waɗannan ƙasashe an same su da ƙarancin naƙasa a kan na ƙasashe masu arziki. Masu binciken sun danganta abin da al'ada da yanayin zama. Ƙwaƙwalwar talaka ba ta fi ta mai kuɗi ƙwari ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne naƙasar tana nan, gida ne ya rufe ta.

A duba gidan gandu a ƙauyen Bichi. Ba a taɓa barin kowa shi kaɗai na sa'a takwas ba, balle a san ko zai iya. A tambayi ƙanensa ko yana zuwa gona, ya ce yana zuwa, kuma bai yi ƙarya ba: yana zuwa ya zauna a gindin gawo, su suna noma. Matarsa ba za ta faɗa wa baƙo, a gaban surukai, cewa mai gida ya koma kamar yaro ba. Rufin asiri ne, kuma shi ke riƙe da majinyacin, amma a takarda sai ya fito a jerin waɗanda suka warke.

Kalandar noma ma tana da hannu. Wanda ya bugu bayan kaka zai wuce rani yana zaune a majalisa, kowa na cewa ya miƙe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ruwa ya sauka, a yi shuka, noman firi ya zo, a nan ne za a ga ya yi kunya biyu jiri ya kwashe shi, rana ta hana shi sakat, kafin maimai ya ajiye fartanya. Awon da aka yi a watan Maris bai ga wannan ba.

Tambayar sayayya da yawo cikin gari kuwa ba ta da ma'ana ga matar da ke kulle tun kafin haɗari. Aikinta a tsakar gida yake: daka, girki, tuyar ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, lissafin adashi. Tambayar da za ta fito da gaskiya ita ce ko tana zuba gishiri sau biyu, ko tana manta tukunya a murhu har ta kama ba ta ji ƙauri ba, domin gushewar jin ƙamshi da wari na cikin abin da buguwar kai ke bari. Ga mace da namiji duka, akwai tambayar da kusan kowa zai iya amsawa: shin raka'o'i na rikice masa a salla fiye da da? Fatiha na kakare masa?

Gwaje-gwajen takarda da biro sun fi muni. Sanannen gwajin tunani na Folstein, na 1975, yana sa mutum ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwafi zane. Dattijon da ke ƙirga kwanon gero arba'in a ka ba kuskure zai iya faɗuwa, don bai taɓa riƙe biro ba. Ma'aunin Barthel na 1965, mai duba cin abinci da wanka da sutura, yana ba da maki kan hawa bene, a gidan da babu matakala, bai kuma san wahalar tsuguno a masai ba.

Abin da ya fi komai kuɓuce wa awo shi ne hali. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe linzamin mutum, kuma yana cikin wuraren da suka fi buguwa. Sai a ga mai haƙuri ya zama mai saurin hannu, mai kunya ya saki baki a gaban surukai, mai tattali ya ɓatar da kuɗin taki. A ce iska ce ko sammu, a yi ruƙiyya, in ta ƙi a nufi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ba wanda ya tuna ya gaya wa likita cewa wata takwas da suka wuce ya faɗi a babur. Farfaɗiya ma kan fara bayan watanni ko shekaru.

Inda masana suka saɓa

Wasu na ganin kada a taɓa ma'aunin sakamakon, domin ƙarfinsa shi ne kowa a duniya na awo da kwano ɗaya. Hujjarsu mai nauyi ce. Shekaru da dama ana yi wa masu buguwar kai allurar siteroid, maganin rage kumburi, kowa na ganin tana taimako. Sai a 2004 gwajin CRASH na farko, mai majinyata 10,008, ya nuna cewa cikin mako biyu 21 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun rasu, a kan 18 na waɗanda ba a yi wa ba. Ba don ƙirga iri ɗaya a ƙasashe da yawa ba, da har yau ana yi. Wasu kuma na cewa kwanon da ba ya ɗaukar hatsin gida bai auna komai ba. Matsaya mai ma'ana ita ce a bar gidaje takwas ɗin yadda suke, a sauya tambayoyin da ke kai mutum cikinsu, a kuma tambayi mai jinya a keɓe, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai saɓani kan bibiya ta waya. Mutumin Tsanyawa ba zai biya kuɗin motar mutum biyu zuwa Kano don a yi masa tambaya goma ba, don haka waya ta fi babu. Amma lambar da ke kati sau da yawa ta direban da ya kawo shi ce, ko ta wani ɗan uwa da ya tafi cirani, kuma a waya ne "da sauƙi" ta fi ƙarfi.

Saɓani mafi zafi kan hasashe ne. Tun 2008 akwai lissafin da ke haɗa shekarun majinyaci, da makinsa, da halin idonsa, da ko yana da wani babban rauni a jiki, ya fitar da yiwuwar mutuwa ko naƙasa. Masu goyon baya na cewa iyalin da za su sayar da shanun huɗa sun cancanci a gaya musu gaskiya. Masu adawa na tsoron lambar ta zama hukunci: a ce da wuya ya tashi, a ɗauke shi gida, ya rasu, a ce lissafi ya yi daidai. Lissafin dai labarin mutum ɗari masu kama da juna yake bayarwa, bai san wane ne cikinsu ke kan wannan gado ba. Mai cewa rai a hannun Allah yake da mai riƙe da biro ba su da abin faɗa a nan.

Diyya, sulhu da yara

Auna raunin kai ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a zauren malam. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a ko'ina a Kano, ta bambanta raunukan kai da zurfinsu: wanda ya bayyana ƙashi raƙuma biyar ne, wanda ya gusar da ƙashi goma sha biyar, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya, gushewar hankali kuma diyya cikakkiya, kamar gushewar ji. Ta kuma tabbatar cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, don a ga abin da ya bari. Wannan jira shi ne dai hikimar wata shida.

A aikace sulhu ya fi sauri. A makon sallama a taru a ƙofar dagaci, wanda ya yi karon ya biya kuɗin asibiti, dangi su ce sun yafe, a shafa fatiha. Yafiya haƙƙin mai ita ce, amma an yi ta kafin a san girman abin da aka yafe. Haka nan majinyacin kan koma kan babur da jirinsa da jinkirin tunaninsa, ya ɗauki fasinja. Asibiti kuma, tunda ƙidayarsa ta tsaya kan wanda ya fita da rai, ba shi da alƙaluman da zai kai wa gwamnati ya nemi masu gashi da masu koya magana a asibitocin ƙananan hukumomi.

Raunin yara ya fi ɓuya, domin ba a iya auna abin da yaro bai riga ya koya ba. Ɗan shekara bakwai da ya faɗo daga mangwaro zai tashi ya koma guje-guje cikin mako, kowa ya manta. Ɓangaren da ya bugu sai nan gaba za a nemi aikinsa. A shekara goma sha biyu sa'o'insa sun wanke allo sun wuce, shi yana nan kan sura ɗaya, ya biya da dare ta gudu da safe. Malam ya ce wasa ne ya yi masa yawa, ya ɗauko dorina.